Baƙon Roba da Wandon Kakanki

Kebbe,
ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗiyata, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da malamanku da abokan karatunki, har da wancan mutumin na roba da aka ce ya hana ki cin abinci. Mu nan lafiya lau muke. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Labarin gida ba zan ba ki ba, domin babu shi. Gero ya yi, akuya ta haihu, rufin makarantata yana nan yana yoyo inda kika bar shi.

Goggonki Kulu ta dawo daga Sakkwato da saƙonki, bayan ta zuba masa gishiri da yaji yadda ta saba. Abin da na tace daga ciki shi ne wannan. A makarantarku ta koyon aikin nas an kawo muku mutum-mutumin roba, girman namiji magidanci, da rauni a cinya mai zubar da jan ruwa. An miƙa miki almakashi a gaban aji, maza da mata, aka ce ki yanke masa tufafi ki tsayar da jinin. Kika tsaya, almakashi a hannu, har ruwan ya ƙare. Malamarku ta ce za a sake gwada ku, wadda duk ta sake tsayawa sai ta ɗaure kayanta. Ke kuma kin ce ba sai an kore ki ba, da ƙafarki za ki dawo, domin ba ki san da wane ido za ki dubi kakanki Malam na Sanyinna ba ran da ya ji abin da ake koya miki.

Na daɗe da alƙalami a hannu ban rubuta komai ba. Na karanta littattafai daidai gwargwado, na Larabci da na boko, har mahaifiyarki tana cewa gara ta fi ta jin daɗin aurena. Ban taɓa cin karo da babin da ya koya wa uba yadda zai shawarci ɗiyarsa a kan tuɓe wa roba wando ba. Ga shi ke ce ɗiyar fari, ga sunan mahaifiyata a kanki, ko kiran sunan ba na iyawa. Da baki ne da ban fara ba. To takarda ba ta da ido, bari in fake a bayanta.

Abin da ba ki sani ba shi ne na riga ki sanin wannan mutumin, ko dai wani ɗan'uwansa. Kina makarantar kwana a lokacin, kuma a gidanmu ba a maganar.

Lokacin jiharmu tana sabuwa ne, komai a akwati yake zuwa. Yau injin ban-ruwa, gobe kujeru, jibi wani ƙarfe da ba wanda ya san aikinsa har tsatsa ta cinye shi. Motoci sun yi yawa, direbobi sun yi kaɗan, don haka kowane yaron mota ya zama direba. Ba a rufa sati ba a ji mota ta kife tsakanin nan da Tambuwal ba. Sai aka aiko cewa za a turo wata babbar nas ta koya wa ma'aikatan ɗakin shan magani da wasu mutanen gari yadda ake taimakon wanda ya ji rauni kafin a kai shi asibiti. Aka sa sunana, don a garin nan duk abin da ba a san wanda za a ɗora wa ba hedimasta ake ɗora wa.

Kayan aikin suka riga mai aikin isowa, saboda ruwa ya yanke hanya bayan wucewar babbar motar. Malam Ladan, malamin ɗakin shan magani, ya zo mini har aji yana haki.

"Hedimasta, taho ka gani. Gwamnati ta aiko muna da gawa."

Na je na iske dogon akwati a buɗe. A ciki ga mutum kwance, idanu a rufe, baki a ɗan buɗe kamar zai yi tambaya, cinya a farke, ba ko ƙyalle a jikinsa. Ba wanda ya ɗauka mutum ne na gaskiya, kada ki raina mu. Kowa ya taɓa ya ji roba ce. Matsalar ita ce ba mu san matsayinsa ba. Wani ya ce gunki ne, mala'iku ba za su ƙara shiga ɗakin ba, kuma ɗakin marasa lafiya ya fi ko'ina bukatarsu. Ni kuwa na gyara murya na yi musu doguwar lacca cewa kayan koyo ne, kamar allo, kamar taswira. Da na gama sai na dube shi, na ji ba zan iya ci gaba da dubansa ba. Na ce ko ma mene ne shi, ba a barin mai siffar ɗan Adam tsirara a garin Musulmi.

Na aika gida aka ɗauko rigata ta shadda da wandonta, waɗanda na yi Sallah da su. Har da hula. Muka sa masa, muka jingina shi da bango. Wallahi ya fi ni kyau da su. Mutanen gari suka sa masa suna Baƙo, suka riƙa leƙowa suna yi masa barka da zuwa, rabi wasa rabi ko-da-wani-abu. Wata tsohuwa ta aiko masa da fura. Ladan ya shanye a madadinsa.

Da hanya ta buɗe sai ga malamar. Sista Laraba sunanta, 'yar Zuru, gajeruwa, ba ta ɓata magana. Ta dubi Baƙo cikin shadda ta ce, "Wa ya yi wannan?"

Kowa ya nuna ni.

"Madalla. Ka taimake ni. Mutane ba tsirara suke yin hatsari ba."

Na ji kaina ya ƙara girma. Ta sa aka kwantar da shi a ƙasa ƙarƙashin darbejiya, ta cika wata jakar roba da ruwan jar galura, ta haɗa ta da wani siririn bututu da ya shiga jikinsa. In ta matsa jakar sai ruwan ya yi tsartuwa daga cinyarsa, bugu-bugu, yadda jinin jijiya yake yi. Ta ce jakar nan ita ce ransa, in ta ƙare ya mutu. Sannan ta miƙo mini almakashi.

"Mota ta kife da shi. Jini yana fita a wani wuri ƙarƙashin kayan nan. Nemo wurin."

Uwata, na durƙusa. Na ajiye almakashin a gefe da ladabi. Na naɗe rigar zuwa sama a hankali don kada ta ɓaci. Na shiga neman bakin mazagi. Ni na ɗaure shi da hannuna, kuma na ɗaure shi ɗaurin mutunci, irin wanda ba ya kunyata mai shi a taro. Ina cikin fama da ƙullin da farce sai na ji muryarta a kaina.

"Ya mutu. Allah Ya jiƙansa. A ɗebo ruwa."

Na ce ai rigar sabuwa ce. Ta ce, "To a binne shi da ita."

Ga nasihata ta farko, kuma da shadda na saye ta. Tufa tana da tela, jinin da ya zuba ba shi da mai mayar da shi. Ni na zaci kunya ce ta riƙe mini hannu a ranar, amma da na bincika na ga rabinta rowa ce. Ke ma ki binciki taki. Wataƙila kunya ce zalla, don kin fi ni hali. Wataƙila kuma akwai tsoron dariyar 'yan aji a ciki, ya sa rigar kunya ya zauna. Ni dai ban iya rarrabe su da kyau ba har yau.

Aka sake cika jakar. Wannan karon ta ce mu duka ne muka iske shi a bakin hanya, kowa ya yi abin da ya dace. A cikinmu akwai Sarkin Aska, tsohon wanzamin garin nan, wanda ya yi wa rabin mazan Kebbe kaciya. Ruwa ya fara tsartuwa, muka kewaye Baƙo.

Ladan ya ce, "Bismillah, Sarki."

Sarkin Aska ya ce, "A'a, kai ad da asibiti. Ni aska nika riƙo, ba almakashi ba."

"Subhanallahi, ina ni ina shiga gabanka? Sai dai ko Hedimasta."

Na ce ni na riga na kashe shi sau ɗaya, a ba wani.

Kin san yadda manya suke yi a bakin ƙofa, ko in an tayar da sallah ba liman, kowa yana tura ɗan'uwansa gaba. Haka muka yi, da kyakkyawar tarbiyya, ba wanda ya ɗaga murya. Sista Laraba tana zaune a kan benci tana matsa jakarta tana kallonmu kamar mai kallon kaji. Da jakar ta yamutse ta ɗaga ta sama.

"Ya sake mutuwa. Amma ya mutu a hannun masu ladabi."

To ki riƙe wannan. A wurin jini, wanda gwiwarsa ta fi kusa shi ne limamin wannan sallar. Ko da likita yana tafe, ko da farin gemu yana tsaye a kanki, ki sa hannu tukuna, a yi gaisuwa daga baya. Na san ni ne na koya miki kada ki sa hannu a akushi kafin na gaba da ke. Ban janye ba. Yadda za ki haɗa biyun a ƙirji ɗaya kuwa, ban sani ba. Ni ma haɗa su nake ta yi suna zamewa.

Karo na gaba na ƙudura ba za a ƙara kunyata ni ba. Na riga kowa durƙusawa. Na tallafo kan Baƙo, na zaunar da shi, na jingina shi a ƙirjina, ina ce masa sannu, sannu. Na ce a kawo ruwa a ba shi. Ladan ya ruga ya kawo a moɗa. Duk muka ji daɗin kanmu.

Ta ce, "In wuyansa ya karye, yanzu ka ƙarasa shi. In kuma za a yi masa aiki a asibiti, ruwan nan da ka ɗura masa zai iya dawowa ya shaƙe shi."

Wannan ta fi ɗaure mini kai. Tun ina yaro ake gaya mini ba sadakar da ta kai shayar da mai ƙishi, kuma ba a barin wanda ya faɗi a kwance kamar kaya. Yanzu ga mace ta zo daga Zuru ta ce tausayina makami ne. Ta yi bayani, na gane a lokacin, na dawo gida na nemi ganewar na rasa. Amma na daina. Ke ma in an ce kada ki ba shi ruwa, kada ki ba shi, ko da yana roƙonki da sunan Allah. Ki jiƙa masa leɓe. Zuciyarki za ta ce miki muguwa. Ki bar ta ta faɗa.

Kwanakin da ta yi da mu, ban san adadin mutuwar da Baƙo ya yi ba. Ba a taɓa yin wanda ya kai shi mutuwa a ƙasar Kebbe ba, kuma ba a taɓa yi masa zaman makoki ba. Ƙarƙashin darbejiyar nan ya zama ja kamar mahauta. Wandona kuwa na yanka shi da hannuna, aka ɗinke, wani ya yanka, aka ɗinke, har tela ya ce shi ya tuba. Ta sa mu maimaita abu ɗaya har ya gundure mu. Ka durƙusa, ka gaya masa sunanka da abin da za ka yi masa, ka yanke tufa, ka nemo inda jinin yake, ka danna da dukan nauyinka. In ya ƙi tsayawa ka ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, ka sa sanda ka murɗa har ya tsaya. Magana da shi ɗin ce ta fi ba mu dariya. Ka ga Sarkin Aska da gemunsa yana ce wa roba, "Baƙo, ni na, Sarkin Aska, zan yanke maka wando." Ladan har da hawaye.

Ran da ta tafi na ce wa mahaifiyarki kuɗi sun yi wa gwamnati yawa, har ta fara saya wa magidanta 'yar tsana. Na tabbata ban koyi komai ba sai asarar shadda. Wannan ma kuskure ne, amma sai daga baya na san haka. Ki yi dariya in dariya ta zo miki, ba laifi. Sai dai kada dariyar ta hana hannunki maimaitawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Bayan kaka, kakanki Malam ya zo Kebbe sunan ƙanenki. Kin san tsakanina da shi. Tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa zama a tabarmar da yake kai ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba. In zai tambaye ni lafiya sai ya dubi gefe ya ce, "Mutanen Kebbe sun tashi lafiya?" Ni ne mutanen Kebbe.

Ran komawarsa ya shiga a-kori-kura ta 'yan kasuwa mai zuwa Tambuwal, aka ba shi gaba. Ni ma ina da aiki a ofishin ilimi a can, sai na bi su a baya a kan babur, nesa kaɗan, yadda ya kamata. Mun yi nisa, rana ta ɗaga, sai na ji ƙara. Taya ta fashe a gangaren wani kwazazzabo, motar ta yi gefe ta kwanta.

Kafin in jingine babur mutane sun fara fitowa, wannan da ƙujewa, wancan da targaɗe, buhuna da ƙwarya ko'ina. Kakanki ne kaɗai bai tashi ba. Wani ƙarfe ya shige shi. An riga an jawo shi inuwa, an juya fuskarsa gabas, wani ya tuɓe babbar riga ya lulluɓe shi daga ƙirji zuwa ƙafa. Wani yana laƙƙana masa kalmar shahada, wata tana zuwa da ruwa a ƙoƙo. Duk abin da muka yi wa Baƙo, sun yi shi cikin ƙanƙanin lokaci, kuma da kyakkyawar niyya. Ƙasa kuwa ta gefen cinyarsa tana yin duhu tana faɗi.

Direban ya san ni, ya san ko wane ne Malam a wurina. Ya tare ni da hannu biyu.

"Hedimasta, koma can. Ba kai ka ganin wannan ba. Mu mun isa."

Alheri ya yi mini. Kuma na rantse miki kaina ya yarda da shi. Kaina ya juya zai koma wurin babur. Gwiwoyina ne suka durƙusa ba su yi shawara da ni ba. Na janye rigar da aka rufa masa. Na ce wa mai ruwa ta tsaya. Na ce a ba ni wuƙa, wani Bafillace ya zaro tasa ya miƙo. Na kama ƙafar wandon.

Sai kakanki ya buɗe ido. Ya dube ni, ido cikin ido, karo na farko a duniya. Ya ce, "Sahabi. Mi kaka yi?"

Uwata, Baƙo bai taɓa kiran sunana ba. Wannan ne abin da Sista Laraba ba ta iya zubawa a jakarta ba. Hannuna ya tsaya.

Ya ce, "Bar ni in tafi da suturata."

Na san abin da littattafan fiƙihu suka ce a kan larura, shi ma ya fi ni sani, shi yake karantar da su. Amma ba ko harafi ɗaya da ya zo mini. Abin da ya fito daga bakina, a gaban direba da 'yan kasuwa da Fulani, ga surukina, malamin da ake tasowa daga garuruwa ɗaukar karatu a wurinsa, shi ne:

"Baƙo, ni ne, Sahabi. Zan yanke maka wando."

Na yanke, tun daga ƙafa har ƙugu. Raunin yana can sama, inda ba a faɗa. Jinin yana tsartuwa bugu-bugu, daidai yadda na sani, sai dai wannan da ɗumi, kuma yana da ƙarni. Na tura gefen rigata a ciki na danna da dukan nauyina. Ya yi wani sauti da ba zan rubuta ba. Jinin ya ragu amma bai tsaya ba. Na duba ban ga ƙyalle mai faɗi ba sai ɗaya. Na miƙa hannu na warware rawanin da ke kansa. Na ji mutane sun ja numfashi. Na ɗaure sama da raunin, wata mata ta ba ni muciyar da za ta kai kasuwa, na sa na murɗa, na murɗa, har ya tsaya.

Wata mota ta zo ta ɗauke mu. Duk tsawon hanyar nan hannuna yana kan cinyarsa, fuskata tana kallon dajin hagu, tasa tana kallon dajin dama. A asibiti suka karɓe shi, suka rufe ƙofa, suka bar ni da muciyar mutane a hannu.

Ɗingishin da kika san kakanki da shi, wanda aka ce miki sanyi ne, daga nan ya samo shi.

Don haka ga abin da zan ce miki game da mutumin robarku. Maƙaryaci ne ta wani gefen. Ba ya ihu, ba ya roƙo, bai san uwarki ba, ba ya jin nauyinki. Ranar gaskiya za ki iske wanda ya san sunanki, ko mai kama da ni, ko mai kama da ƙanenki, kuma kanki zai tashi ya bar ki a wurin. Amfanin robar ɗaya ne. Tana shimfiɗa wa hannu turba, yadda in kai ya gudu hannu zai bi ta shi kaɗai, kamar jakin da ya san hanyar gida. Ki bar shi ya mutu a hannunki sau nawa ma, shi ana sake cika shi. Ki ji kunyarki a kansa har ta ƙare, ko ta ragu. Gara ta ƙare a kan roba.

Saura kuskure ɗaya, shi ne mafi tsawo. Kakanki ya warke ya koma Sanyinna. Bai aiko da godiya ba, bai aiko da faɗa ba. Ni ma ban je ba. Na riƙa aika mahaifiyarki da gaisuwa da goro. In ya zo Kebbe ta ƙofar gida, ni na fita ta ƙofar baya. Na kasa sanin abin da na yi. Wata rana in tashi ina ganin na ceci ran uban matata, wata rana in tashi ina ganin na tsiraita malami a bainar jama'a na tuɓe masa rawani. Na auna su na auna, kowane ya ƙi rinjayar ɗan'uwansa. Muka yi shiru, gidan duka ya yi shiru, har ke kika gaji shirun ba ki san na mene ne ba. Ga shi yanzu yana neman ya cire ki daga makaranta. In kin yi wa mutum aiki irin wannan, ki koma washegari ki ce masa ina kwana. Kada ki bari kunyar ta kwana, yaɗo take yi kamar kabewa.

Saboda haka bayan Goggonki ta gama ba ni labari, na hau babur na tafi Sanyinna. Na iske shi a zaure, ɗalibai sun tashi. Na tuɓe takalmi tun daga waje, na tsuguna a bakin ƙofa. Ya dubi butarsa.

"Mutanen Kebbe sun iso lafiya?"

Na ce lafiya lau. Na dubi bango na gaya wa bangon duk abin da ya same ki, da abin da kika ce game da idon kakanki. Ya daɗe yana jan tazbaha. Sannan ya ce wa butar:

"An ce wani malamin boko ya taɓa yage ma wani tsoho wando bisa hanya."

Na ce wa bango, "An ce haka."

"Tsohon, yana nan da rai?"

"Yana nan."

"Ya ga jikokin da anka haifa bayan nan?"

"Ya gan su."

"To."

Ya dafa sanda ya shiga cikin gida. Na zauna ina tunanin ko sallamata ke nan. Can sai ga shi da ƙunshi. Bai miƙo mini ba, ya ajiye a ƙasa tsakaninmu ya tura da sanda.

"A kai ma matar nan tawa ta Sakkwato. A ce mata mijinta ya ce ta sa ma mutumin nasu, ta yanke. Ɗinkin ba ya da ƙarfi, ba ya ba ta wahala. A ce mata ran wanka ba a ɓoyon cibi." Ya zauna ya ajiye sandar. "A kuma ce mata ta riƙa faɗa ma mutum sunanshi na gaskiya. Ba kowa na Baƙo ba."

Na ɗago kai ba da niyya ba. Yana kallon buta, amma gemunsa yana motsi.

Duk hanyar dawowa ina juya maganar. Ban sani ba ko yafe mini ya yi, ko gode mini ya yi, ko kuwa shekarun nan duka jira yake in zo ya yi mini dariya. Na tambayi mahaifiyarki, ta ce in na gane wannan to na gama karatu.

Ƙunshin yana tare da wannan takarda, Goggonki za ta kawo miki. Wandonsa ne na ranar nan, fari, an wanke shi, amma akwai inda wanki bai fitar ba. Za ki ga layin ɗinki tun daga ƙafa har ƙugu, a karkace. Karkatar tawa ce, da wuƙar aro na yi. Ke da ke da almakashi da malama, ina sa ran naki ya fi nawa miƙewa.

Allah Ya tsare ki a zaune da tafe. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Ya ba hannunki natsuwa ranar da kanki ya rasa ta. Ya sa duk wanda ya faɗo a gabanki ya tashi ya ga jikokinsa. Ya dawo mana da ke lafiya a lokacin da ya dace, ba kafin nan ba. Amin.

Ki gaishe da malamarku. Ki gaishe da mutumin, ki ce masa wani ɗan'uwansa yana nan Kebbe a cikin akwati, sanye da ragowar shaddata.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Sahabi.